Irin Geron Baba da Hodar Bincikena

Ranar da Baba ya iso gidana a Safana, abu biyu ne kawai a hannunsa: carbi da wani ƙunshi a tsohon zanin Inna. Kwana huɗu suka yi a wata makarantar firamare a Batsari, shi da sauran mutanen ƙauyenmu na bayan Ruma, bayan 'yan bindiga sun shigar musu da rana tsaka, sun kore shanu, sun cinna wa rumbuna wuta. Maigidana ne ya je ya lalubo shi a cikin wani aji, yana zaune a kan bencin yara, ya rungume ƙunshin nan a ƙirjinsa.

Na ɗauka tufafi ne a ciki. Da na kwance sai ga zangarniyar gero, ba su fi talatin ba, an ɗaure su da kaba, sun yi baƙi-baƙi da hayaƙi. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin baki, tun ina ƙarama ake fama da ni.

Na ce, "Baba, duk abin da ke gidan nan, ga rediyonka, ga bargonka, ga takalmanka, ka rasa abin ɗauka sai gero?"

Ya dube ni ya ce, "Uwata, ɗaurin Innarki ne."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina cikin zanin goyo. A gidanmu duk kaka Baba ne ke shiga gona ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, Inna kuma ta ɗaure su ta rataye a saman murhu, inda hayaƙin girki zai riƙa bugunsu har damina ta zagayo, ƙwaro ba ya kusantar su. Gajeren gero ne mai saurin nuna, Baba ya gaje shi daga mahaifinsa, ba a samun irinsa a kasuwa. Wannan ɗaurin shi ne na ƙarshe da Inna ta yi kafin ta rasu. Baba ya shuka rabinsa a daminar nan, gonar kuma aka bar ta a tsaye ba wanda ya koma ya girbe. Abin da ke cikin zanin nan shi ne ya rage a duniya.

Watannin da suka biyo baya Baba ya zama ba ya magana. Ya yi salla, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakinsa, in na kai tuwo ya taɓa loma biyu ya ture. Mutumin da a da in ya fara labarin gona sai ka roƙe shi ya yi shiru. Jikokinsa su hau shi su sauka, iyakarsa ya shafa kansu. Wallahi ina shiga madafa in yi kukana in share fuska in fito.

Ni malamar kimiyyar halittu ce a makarantar 'yan mata, a lokacin kuma ina karatun digiri na biyu, ina zuwa jami'a in hanya ta yi kyau. Bincikena a kan iskar gawayi yake, wadda a littafi ake kira kabon monoksaid, ita ce mai kashe mutanen da suka kulle ɗaki da garwashi ko suka kwana kusa da janareta. Masana sun ce in kaɗan ce ƙwarai, tana iya taimaka wa iri ya tsiro a ƙasa mai wahala. Tun da ba za a ba wa mace irina tukunyar iska mai guba ta kai gida ba, sai malamina ya samo mini wata hoda mai ruwan ƙwai a cikin 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. An ce a jikin hodar akwai wani ƙarfe mai tsada da ya riƙe iskar, da zarar ka narka ta a ruwa sai ta saki iskar a hankali. Abin da zai zauna a kan tsinken ashana ya isa ya haɗa kwalba guda.

Aikin ba wuya. Ina da ƙananan farantan gilashi masu murfi guda goma sha biyu. In shimfiɗa takarda a ciki, in jera ƙwayar gero da na saya a kasuwa, in zuba ruwa mai ɗan gishiri don ya wahalar da irin kamar yadda fari ke wahalar da shi. Rabin farantan in ƙara musu ruwan hodar, rabi in bar su haka. Bayan kwana huɗu in ƙirga waɗanda suka tsiro, in rubuta, in zubar, in wanke farantan in sake sabo. A shekarar ne aka katse mana layin waya wata da watanni, aka rufe kasuwanni, makaranta ma yau a buɗe gobe a rufe. Sai na kwaso kayan na dawo da su gida, na jera a kan tebur a baranda. Ba mai tambaya, ba wanda zan tambaya, ni kaɗai da tsofaffin takardun da na kwafo tun kafin a katse layi.

Wata safiya ina ƙirga tsiro sai na ji inuwa a kaina. Baba ne ya taso daga ƙofar ɗakinsa ya tsaya yana leƙe.

Ya ce, "Kin tsallake ɗaya. Ga shi can shina leƙowa a gefe."

Na duba, gaskiyarsa ne. Ni da gilashin ido da digiri, tsoho mai shekara saba'in da wani abu ya fi ni ganin tsiro. Na jawo masa kujera. Tun daga ranar nan ya zama shi ke ƙirga mini, ni ina rubutawa. Ya koyi wanke farantan da kansa, yana riƙe su kamar ƙwai. Da na yi masa bayanin hodar, ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun zuwansa.

Ya ce, "Wato hayaƙi ne aka ƙulle a cikin gari. Yo ai Innarki ta riga Turawa."

Sakamakon kuwa sai ya yi ta faranta mana rai. Duk zagaye, farantan da na sa wa hodar su fito tas, tsiro ya cika su, sauran kuwa fumfuna ta rufe rabinsu, ƙwayoyin su ruɓe. Muka yi ta maimaitawa har rani ya shiga, abin bai canja ba. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na fara jin kamar ni ce zan ceci manoman yammacin Katsina gaba ɗaya. Baba kuma ya fara cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, ya fara daɗewa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Daga baya na ji ashe labarina yake ba dattawan unguwa, cewa ɗiyarsa ta haɗa maganin da ke ta da iri ko ya tsufa.

Maƙwabcinmu mahauci ne, yana da fili a bayan unguwa da bai samu halin ginawa ba. Shi ya ce wa Baba ya noma shi bana, tun da gonakin nesa ba mai iya zuwa. Baba ya dawo gida ranar nan kamar an ba shi kujerar Makka. Ya sauko da ƙunshin, ya zauna ya murje zangarniyoyin da hannunsa, ya bar guda ɗaya kawai. Abin da ya fito bai kai rabin tiya ba. Ya ce mini irin ya kwana biyu, wannan ce daminarsa ta biyu a ajiye, in bai shiga ƙasa bana ba to sai dai labari. Saboda haka ranar da ruwan shuka ya sauka yana so in jiƙa masa shi duka a ruwan hodata.

Na ce, "Duka, Baba?"

Ya ce, "Duka. In ban yarda da naki ba, da na wa zan yarda?"

Na amsa masa da ƙarfin gwiwa. Har da cewa zai ga abin mamaki.

Bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma yana watsewa. Muna zaune a barandar nan wata rana yana goge faranti, sai ya yi mini tambayar da ta ɓata mini rai. Baba yana da wata al'ada a gona da duk ƙauyenmu suka san shi da ita. Duk shekarar da zai gwada sabon abu, ko takin zamani ko maganin iri na kasuwa, sai ya bar kunya ɗaya ta shuka bai sa mata komai ba. Yana kiran wannan kunyar mai shaida, wai ita za ta gaya masa ko takin ne ya yi aiki ko kuwa ruwa ne ya yi kyau. Na sha gaya masa cewa farantaina marasa hoda su ne masu shaidata, ya kuma gamsu. Amma ranar nan wani abu daban ne ya dame shi.

Ya ce, "Uwata, kin ce hayaƙin da ke cikin garin nan shi ke aiki."

Na ce, "Shi ne."

"To in hayaƙin ya tafi, mi ya rage a ruwan?"

"Ƙarfen da ya riƙe shi. Kamar dai toka bayan wuta ta mutu."

Ya juya farantin a hannunsa. Ya ce, "A garinmu Innarki hayaƙi take sa wa iri. Matar liman kuwa toka take cuɗa nata da ita ta zuba a tulu. Duka biyun ƙwaro bai ci. Kin gwada tokar taki ita kaɗai?"

Kaina ya ɗau zafi nan take. Na ce masa wannan ba murhun ƙauye ba ne, manyan masana ne a ƙasashen waje suka haɗa hodar, an rubuta a takarda abin da take yi, ni ba ni na ƙirƙira ba. Na faɗi maganganu da muryar da nake yi wa 'yan aji uku in sun ƙi yin aikin gida. Baba ya ajiye farantin a hankali ya tafi alwala. Maigidana yana daga ɗaki yana jin komai. Da ya fito sai ya ce, "Malama, in kin tabbata da abinki, me zai ci ki in kin gwada?" Na yi tsaki na ce su duka biyun sun haɗa mini kai. Amma maganar ta zauna mini a ciki, domin na tuna a ɗaya daga cikin takardun nan an ambaci irin wannan gwajin a layi biyu, ni kuma na tsallake shi saboda farantaina ba su da yawa, hodar kuma ina tattalinta.

Washegari na haɗa ruwan hoda na bar shi a buɗe a kan taga kwana uku, yadda ko wace iska ce a ciki ta gama ficewa. Na je na durƙusa a gaban Baba na ba shi haƙuri, na roƙi zangarniyar nan ɗaya da ya bari. Ya miƙo mini ba tare da ya tambayi dalili ba, sai dai na ga gefen bakinsa yana motsi. Na raba farantan kashi uku: huɗu da sabon haɗi, huɗu da tsohon haɗin da ya sha iska, huɗu babu hoda ko kaɗan. Wannan karon a ɗakina na ajiye su, na ce wa Baba zafin baranda ya yi yawa. Ƙarya na yi, tsoro nake ji ya riga ni gani.

Rana ta huɗu na buɗe su. Tsohon haɗi da sabon haɗi ba ka iya bambanta su, duka sun fito tas, tsiro iri ɗaya. Ruwan da ba sauran iska a cikinsa ya yi aikin da na shekara ina cewa iska ce ke yi. Farantan da ba hoda kuwa, da yake geron Inna ne mai hayaƙi ba na kasuwa ba, fumfunar ba ta kama su sosai ba, tsironsu bai gaza na sauran da yawa ba. Na zauna a bakin gado na rasa abin da ke mini daɗi. Ban zubar ba kamar yadda na saba, ban wanke ba, na mayar da murafen na tura su ƙarƙashin tebur don kada in gan su.

Hanya ta ɗan yi sauƙi a makon, na shiga mota na tafi jami'a da kwalbar a jakata. Malamina, wani dattijo mai sanyin hali, ya saurare ni har na gama. Ya aika aka aro wata 'yar na'ura mai auna iskar gawayi, irin mai kuka in ta ji ta. Muka haɗa sabon ruwan hoda a cikin kwalba mai faɗin baki, muka sa na'urar muka rufe. Muka zauna muna kallo, lambar da ke fuskarta da ƙyar ta motsa. Sai ya sa aka kawo ɗan garwashi daga wurin mai shayi aka sa a wata kwalbar, kafin a gama rufewa na'urar ta fara tsala ihu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ko tawa ce ta lalace a zafin Safana?"

Ya ce mai yiwuwa zafi ya taɓa ta, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ya ce tun da aka dawo da layi yake ganin masu bincike a wurare da dama suna kokawa da irin waɗannan hodoji. Wasu ba sa sakin iskar sai an haɗa su da wani sinadari na musamman, wasu wata iskar daban suke saki, ƙarfen kuma yana nasa aikin a jikin abu mai rai, har yana kashe ƙananan ƙwayoyin cuta. Ya ce wataƙila abin da ya hana farantaina ruɓewa ke nan. "Abin da kika gani kin gan shi, ba ƙarya kika yi ba. Amma ba za ki rubuta cewa iska ce ta yi ba. Wa ya ba ki shawarar gwada tsohon haɗin?" Na ce mahaifina. Ya tambaya a wace jami'a yake koyarwa. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya.

Da na dawo gida na jawo farantan daga ƙarƙashin tebur, kwanansu tara ke nan. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, saboda ban taɓa barin su sun wuce kwana huɗu ba. Duk waɗanda suka sha hoda, sabuwa da tsohuwa, saiwarsu ta tsaya gajeriya, bakinta ya yi ja-ja kamar an ƙona. Waɗanda ba su sha komai ba saiwarsu fara sol, doguwa, har ta nannaɗe gefen faranti. Na sani faranti ba gona ba ne, mai yiwuwa a ƙasa abin ya zo da sauƙi. Amma rabin tiyar nan ba ta da ta biyu, ni kuma na yi alkawarin tsoma ta duka a cikin wannan ruwan.

Kwana shida na yi ban faɗa masa ba. Ba digirin ne ya hana ni ba, wallahi a lokacin ko a jikina. Baba nake kallo. Ya gyara filin mahauci tas, ya yi kunyoyi, ya aro sungumi, ya wanke wata ƙwarya ya kife ta a kan katanga, wai ta jiƙon iri ce. Kullum da yamma sai ya fita ya dubi gabas ya dawo yana gaya wa jikokinsa yadda ake gane hadarin gaske. Ina tsoron in buɗe baki in mayar da shi ƙofar ɗakin nan, ga loma biyu, ga shiru. Har na yi tunanin in zuba masa ruwan randa a kwalba in ce shi ne maganin, iri ya tsira, shi ma ya tsira. Na faɗa wa maigidana wannan dabarar. Ya dube ni ya ce, "In gero ya yi kyau, dattawan unguwa su zo neman maganin fa? Su ma ruwan randa za ki ba su?" Na ce ya ƙyale ni da abin da ke damuna, amma na san ya kashe maganar.

Ruwan ya sauko wata Laraba bayan azahar, mai ƙarfi, har lungunmu ya yi kogi. Da safe bayan an dawo masallaci, ƙasa tana ta ƙamshi, na fito na tarar da Baba a baranda ya zuba irin a ƙwarya, ya ajiye a kan teburina, ya sa tsohuwar rigar da yake aiki da ita.

Ya ce, "Uwata, bismilla. Kawo maganin."

Na koma ɗaki na ɗauko faranti uku, ɗaya daga kowane kashi, na jera a gabansa na buɗe. Na durƙusa. Na gaya masa komai, tun daga ruwan da na bari a taga har na'urar da ta ƙi kuka. Na ce tokar ce ke aiki, Baba, kamar yadda ka ce, kuma tokar tana ƙona saiwa. Na ce ba zan sa irin Inna a ciki ba, ko zai yi fushi da ni. Na ce ya yafe mini, na sa ya faɗa wa mutane abin da ba haka ba. Daga nan kuka ya ci ƙarfina.

Baba ya matso da farantan gabansa. Ya sa ɗan yatsa ya ɗago gajeriyar saiwar nan ya duba, ya ajiye. Ya ɗago doguwar, ya yi ta warware ta a hankali har ta miƙe a tafin hannunsa.

Ya ce, "Wannan ba a sa mata komi ba?"

Na ce, "Ba komai. Sai hayaƙin Inna."

Ya gyaɗa kai. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya kawar da fuska ya dubi katanga. Can ya ce, "Yaushe kika gani?" Na ce kwana shida ke nan. Ya ce, "Kwana shida kina ɗauke da wannan ke kaɗai, kina kawo mini tuwo kina dariya. Haba Uwata." Ya sa hannun rigarsa ya share mini fuska kamar ina 'yar shekara biyar, ga 'ya'yana a tsaye suna kallo.

Sai ya ɗebi irin da bai cika tafin hannu ba ya zuba a murfin kwano. Ya ce in jiƙa masa wannan a ruwan hodar. Na ce Baba ba ka ji abin da na ce ba ne? Ya ce ya ji sarai. Kunya ɗaya zai ba shi a gefen katangar da ke iyakar filin, domin faranti ya faɗi nasa, saura ƙasa ta faɗi nata, kuma ba zai yarda wahalar da muka sha shi da ni ta tafi ba wanda ya ji ƙarshenta. Na yi masa gardama cewa asarar iri ce. Ya ce irinsa ne.

Haka muka yi shuka ranar nan, shi yana sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa iri ina rufewa da diddige, aikin da rabona da shi tun ina firamare. Da la'asar ina shanya a bayan gida, katangarmu kuwa ta jingina da dakalin masallaci, sai na jiyo muryar Baba. Mahauci ne ya tambaye shi ko an sa maganin. Na tsaya da zani a hannu ina saurare. Baba ya ce ba a sa ba, ɗiyarsa ta hana. Ya ce, "Shekara guda tana aikin nan. Da ta ga zai taɓa mini iri, da bakinta ta ce bai yi ba. Ku nuna mini mai sayar da maganin da zai yi haka." Yadda ya faɗe shi, ko ranar da yake yabon maganin bai kai haka jin daɗi ba.

Geron ya fito. Ba duka ba, akwai gurabe da muka yi wa dashe, amma ya fito, ya kuma nuna da wuri kamar yadda ya saba a Ruma. Kunyar gefen katanga ta tsiro tare da sauran, sai dai ta yi ta jan ƙafa, ba ta taɓa kamo su ba. Ko hodar ce, ko inuwar katangar ce, kunya ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, Baba da kansa ya faɗi haka. Duk da haka ita yake fara yi wa noma kullum da safe. Ni kuma na sake rubuta kundina daga farko, ya koma bayanin yadda hodar ta ruɗe ni da yadda aka gano. Ya ɗauke ni ƙarin shekara, kuma ba wanda ya ceci manoman yammacin Katsina.

Da kaka ta yi, Baba ya shiga filin ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya kawo su baranda a cikin zanin nan na Inna. Na gefen katanga na ce kada a ci, kada a yi iri da su, ya ce ya sani, ya cire guda ɗaya 'yar ƙarama ya soke a saman ƙofar ɗakinsa. Sauran masu kyan ya tura gabana tare da kaba. Na ce ban iya ɗaurin ba, Inna ce ta iya. Ya ce ya sha kallonta, zai nuna mini. Sau uku ina ɗaurewa yana kwancewa, har na fara yi masa tsiwa, a na huɗu ya ja ya ji ya kama.

Sai ya ɗaga kai ya dubi madafata, inda ba komai sai risho da kurfoti, rufin kwano fari tas.

Ya ce, "To, Uwata, a ina hayaƙinki yake?"

Ranar nan kafin azahar maigidana ya kawo duwatsu uku daga bakin rafi, muka kafa murhu a lungun madafa, na hau kujera na rataye ɗaurin a samansa. Baba yana riƙe da ƙafar kujerar yana ce mini in ƙara matsar da shi dama, nan ne Inna take sa nata.